Hawan Kaikai

Dudunni, ƙasar Kusada
Talata, cikin watan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga jikana Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum. Yau Talata, jikin da sauƙi. Ƙafafun a kumbure suke kamar jiya, ba su ƙaru ba. Na sha koko kaɗan, na yi azahar a zaune. Ana zafi ƙwarai. Ina fata kana lafiya, kai da mahaifinka da sauran mutanen gidanku na Jos.

Mamuda direba, mai kai wake wajenku, ya kawo mini takardarka. Ka yi daidai da ka rubuto. Kunnena ya rabu da waya, in an kara mini ita sai in ji kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ido kam da saura, in akwai tabarau da hasken rana.

Sai da na karanta na sake karantawa na gane ko kai wane ne. Ashe jikan ƙanena Ashiru ne, Allah ya jiƙansa. Rabona da kai kana goye.

Ka ce kai da abokanka kuna hawan keke ranakun hutu, kuna tafiya mai nisa cikin duwatsu. An gaya maka na yi aikin allurar shanu bisa keke a wannan ƙasa ina saurayi, shi ya sa kake son in nuna maka hanya mai kyau. Ba ka faɗi abin da kuke kaiwa ba, ko hatsi ne ko saƙo. Ga dai abin da na sani.

In ka tashi daga Bukuru za ka Pankshin, kada ka bi inda ido ya nuna maka. A ƙasar duwatsu hanyar da ta miƙe ita ke kashe mutum. Ruwa ake bi. Inda rafi ya bi nan ne sauƙi, ko da zagaye ne. In babu rafi ka nemi sawun shanu, don saniya ba ta hawan abin da za ta iya kewayewa.

Bayan Barikin Ladi akwai rugar Ardo Modibbo a hannun hagu, inda ƙerana ta yi shinge. Shi ina jin ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa suna nan. Ka sauka ka yi sallama, ka ce kai jikan Manu mai allura ne. Za a ba ka nono, a nuna maka 'yar hanyar da ke kewaye dutsen. A Mangu akwai Zainu mai faci, gindin mangwaro, bakin kasuwa. Ko tayarka lafiya lau take ka tsaya ya taɓa maka birki. Daga Panyam ƙasa ta fara tashi ke nan, babu dabara. In ka zo hawa ka sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne. Keken da aka tilasta wa tudu sarƙarsa ke tsinkewa, mai shi kuma ƙirjinsa. In yamma ta same ka a nan, akwai wani malamin coci da ke buɗe mini aji in kwana, matarsa ta dama mini kunun acca. Sunansa ya ɓace mini. Dogo ne, yana ɗingishi.

Sauran ba ya rubutuwa. Abu ne na a zauna bisa tabarma, in zana maka da kara a ƙasa.

Ga magana ta biyu. Tun da aka binne kakanka ba wanda ya tako nan daga gidanku. Ban ce laifin kowa ba ne, hanya da nisa. Cikin waɗanda muka tashi tare ni kaɗai na rage. Gidan nan ɗaki huɗu ne, ɗaya nake kwana. Sa'a, ɗiyar ƙanwata, ita ke kawo mini abinci, mijinta Babba yana leƙo ni da safe ya ga ko na tashi. Ina so in ga fuskar wani daga jinin Ashiru kafin a ɗauke ni. Likitan da ya duba ni dai ya daɗe yana saurarar ƙirjina. In da hali ka zo.

Kakanka,
Manu

*

Jos
Lahadi

Kaka Manu, tsoho mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Baba yana gaishe ka, ya ce in ce maka yana nan tafe, amma ka san Baba da tafe.

Takardarka ta zagaya hannun abokaina kaf. Wannan rubutu naka kamar an buga a inji! Wani ya ce in tambaye ka ko kana ɗaukar ɗalibai.

Jiya Asabar muka bi hanyarka. Yanzu kwalta ce har Pankshin. Inda ka ce rugar Ardo take gonakin dankali muka tarar. Na tambayi wata tsohuwa, ta ce ta tuna masu allura da akwatinsu a bayan keke, amma ba ta riƙe sunan kowa ba. A Mangu ban ga mangwaron ba, shagunan masu sayar da waya ne a jere. Malamin cocin kuwa, ka ce dogo mai ɗingishi, wa zan tambaya?

Sai dai Kaka, ka fahimce ni a baibai. Ba ma kai komai ko'ina. Ko kariyar ɗora kaya babu a kekunanmu. Nawa da yatsa biyu nake ɗaga shi, tayarsa siririya kamar igiyar guga. Hawan nan da kake koya mini yadda zan kewaye, shi muke fita nema. In hanya ba ta da tudu ba ma ma kiranta hanya. Wanda ya sauka ya tura kuwa, ranar ya shiga uku, har gida za a raka shi da tsiya. Da na karanta musu inda ka ce ba abin kunya ba ne, wani mai ƙiba a cikinmu ya ce a sa masa wannan layin a firam ya rataya a falo.

Don haka ga roƙona. Ka juya takardar nan. Duk wuraren da ka guje wa, duk hawan da ya sa ka yi da-na-sanin karɓar aikin, su nake so. Wanne ya fi tsawo? Wanne ya fi tsayuwa?

Maganar zuwa kuma, ai laifin ƙasarku ne. Na duba Kusada a taswira, shimfiɗe take kamar faifai. Ka samo mana tudu ɗaya na kirki, wallahi har mutanena zan kwaso mu yi hutun Babbar Sallah a gidanka, mu cinye maka kajin Inna Sa'a.

Jikanka,
Abdulmuhaimin

*

Dudunni
Alhamis, cikin Zulƙida

Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum. Yau Alhamis. Na kwana biyu a kwance, shi ya sa ka ji shiru. Yanzu ina iya zama. Numfashi ne ke gajarta, abinci kuma ba shi da ɗanɗano, amma ina ci don kada Sa'a ta yi magana.

Na ji labarin ruga da mangwaro. Haka ne. Ban yi mamaki ba.

Ban gane dalilin da mutum mai ƙoshin lafiya zai fita neman wahala ba, amma ka tambaya zan faɗa. Wanda ya fi duka shi ne Hawan Kibo, in ka fito daga ƙasan dutse kana neman Jos. Ba tsayuwarsa ce matsala ba, rashin ƙarewarsa. Ka sha kwana ka ce ga ƙarshe, sai ka ga wani a gabanka. Ban taɓa hawansa bisa keke ba, turawa nake yi, akwatin magani a kariya, riga a wuya. Bayansa sai wanda ke shiga Pankshin, shi gajere ne amma a tsaye yake.

Ku da kuke son hawa, gangara za ku ji wa tsoro. Birkinmu na da ba ya riƙe keke mai kaya a irin wannan wuri. Abin da muke yi, kafin mu fara sauka sai mu sari reshe mai ganye, mu ɗaure da igiya a bayan kariya, ya riƙa jan ƙasa yana riƙe keken. A gindin kowane dutse za ka ga rassa a zube, na waɗanda suka riga ka sauka. Ku ba ku da kariya, ban san inda za ku ɗaura ba.

Yanzu maganar tudu. Ka ce wallahi, don haka na tashi nema.

Na fara tambaya a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wani ya ce, "Malam Manu, kowa na neman fadama kai kana neman tudu? Gero za ka shuka ko kabari kake zaɓe?" Wani ya ce ga jujin bayan kasuwa nan, tun yana yaro yake girma, in baƙin ba su da ƙyanƙyami. Aka yi dariya. Ni ma ina jin na yi.

Babba ne ya ce akwai wani wuri tsakanin Kaikai da Bauranya, inda hanya ta faɗa kwari ta sake fitowa. Ya ce masu amalanken taki nan suke cijewa, sai an sauke rabin kaya shanu ke fita. Na ce ya kai ni. Ya ce, "Baba, kai da ko masallaci sai da sanda?" Na ce ai mashin ne zai yi tafiyar. Muka fita da hantsi, bai gaya wa Sa'a ba.

Wurin yana nan yadda ya faɗa. Yashi a ƙasa, sannan jar ƙasa mai tsakuwa ta tashi zuwa wata kuka. Daga bisa mashin ba a sanin tudu, inji ke shan wahalar. Mu a aikinmu hanya ɗaya muke auna hawa, mutum ya kama ƙahon keke ya tura, ƙirjinsa ya gaya masa. Nawa keken na daɗe da bayarwa. Sai ga wani manomi ya taho da nasa, na roƙe shi aro. Ya dube ni, ya dubi Babba. Babba ya ce, "Baba, in ka faɗi nan mi zan ce wa Sa'a?" Na ce ka ce mata na faɗi.

Na tura. Tun ban yi nisa ba na tsaya. Na sake turawa na sake tsayawa. Kukar tana nan inda take, ba ta matsowa. Can sai na daina jin ƙafafuna, gefen idona ya yi duhu, na ji mai keken yana salati a bayana. Ban saki ƙahon ba. Da na kai gindin kukar suka zaunar da ni, Babba yana yi mini fifita da hularsa yana faɗa, ban ji abin da yake cewa ba. Kwanciyar da na ce maka na yi, daga nan ta samo asali.

Na tura keke a Kibo ba sau ɗaya ba. Bai taɓa yi mini abin da wannan ya yi mini ba. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba.

To ga tudunku an samu. In kun sauka a tashar Kankia ku nemi motar Kusada, Babba zai tare ku. Ku nawa ne? Ɗaki uku babu kowa, amma ɗaya yana yoyo, sai in sa a duba kafin ruwa ya sauka. Kajin Sa'a bakwai ne, ta ce ba ta ba da masu ƙwai.

Kakanka,
Manu

*

Jos
Litinin

Kaka,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Don Allah ya jikin? Tun da na karanta takardarka hankalina bai kwanta ba. Na nuna wa Baba, ya yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina makaranta.

Kaka, wasa nake yi. Irin wasan jika da kaka. Mu nan wallahi a bakinmu take kamar gaisuwa, ban zaci za ka ɗauke ta haka ba. Ka yafe mini. Kada ka sake zuwa wurin nan, kada ka sake taɓa keken kowa. Ka gaya wa Kawu Babba in ji ni.

Ba na so in ɓoye maka. Akwai taswira a wayata mai nuna tashin ƙasa, da ita muke zaɓen hanya kafin mu fita. Na nemo kwarin da ke tsakanin Kaikai da Bauranya, na gan shi. Daga yashin zuwa kukar bai wuce tsayin bene hawa ɗaya ba, ko ya ɗara kaɗan. Mutanena ko giyar keke ba za su canja ba. Ba zan iya ce musu su yi wannan doguwar tafiya dominsa ba. Sun riga sun tsayar da Mambila, an ce akwai hawan da ake yini ana yi. Washegarin Sallah za a tashi.

Kibo kuwa mun hau shi ranar Asabar. Gaskiyarka, ba ya ƙarewa. Mai ƙibar nan ya sauka ya tura, ya ce fatawar Kaka Manu ya bi. Labarin reshen ya fi komai burge su, yanzu duk wanda birkinsa ya yi ƙara sai a ce a saro masa reshe.

Ni dai zan yi ƙoƙari in zame musu. Mamuda ya ce zai koma gida Laraba bayan Sallah. In abubuwa sun daidaita sai in biyo shi, ni kaɗai, ba keke. Kada a gyara ɗaki, kada a yanka komai. Ka dai sha magani, ka jira ni da ƙarfinka, don ina da tsiyar da zan yi maka baki da baki.

Jikanka,
Abdulmuhaimin

*

Dudunni
Laraba, bayan Babbar Sallah

Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum. Yau Laraba. Kumburin ya hau gwiwa. Ban je idi ba, daga zaure na ji kabbara. An yi ruwan shuka daren Sallah, kowa yana gona, garin shiru.

Babu abin yafewa. Wayarka ta fi ni gaskiya. Na yi ta tunani a kwance, na ga inda na yi kuskure. Ma'aunin da na kai wurin ne ya tsufa. Da ƙirjin saurayi na auna Kibo, wannan kuma da wanda nake da shi yanzu. Ko daga ɗakina zuwa zaure akwai hawa, in da ni za a tambaya.

Na tambayi liman game da rantsuwarka, ban faɗi sunanka ba. Ya ce tunda sharaɗi ka sa, kuma ba a sami tudun ba, babu kaffara a kanka. Na ce ka sani, don kada abin ya tsaya maka a rai.

Mambila ban taɓa zuwa ba. Ba ni da kowa a can da zan ce ka gaisar. In kun ga rafi ku cika gorunanku, a bisa dutse ba a samun ruwa lokacin da ake so. Iyakar abin da zan iya ƙarawa ke nan.

Ka ce kada a gyara ɗaki. An riga an gyara, Babba ya toshe yoyon tun kafin takardarka ta iso. Sa'a ta share, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ajiye buta. Ta ɓoye maka cinyar rago daga layyarsu, ta soya ta rufe a kwano. Na ce mata ka ce in abubuwa sun daidaita. Ta ce, "Baba, ai ko bai zo ba nama ba ya ɓaci."

Da hantsi na sa aka fitar mini da kujera ƙofar gida. Babba ya bar shuka ya tafi Kankia taryenka. Bayan azahar suka iso shi da Mamuda, da ƙullin dankali a bayan mashin. Mamuda ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kana gaishe ni da kyau, ya ce kun tashi tun ranar da aka sa. Ya ce ya ga kekunanku a ɗaure bisa rufin mota, gwanin sha'awa. Na ce madalla. Na ce a kai wa Sa'a dankalin.

Ban tashi daga kujerar ba. Na ce ko ka rabu da su a hanya ka hau wata motar, tunda ba Mamuda kaɗai ke zuwa Kankia ba. Mashin biyu sun wuce, ɗaya da buhun iri, ɗaya da mace da goyo. A nan nake rubuta wannan, bisa gwiwata, shi ya sa layin ya karkace. Mamuda zai karɓa jibi in zai koma.

Sa'a ta zo tana tambaya ko ta naɗe tabarmar. Na ce ta bar ta, naɗewa aiki ne, ɗakin kuma ba mai shiga.

Hasken ya ƙare, ba na ganin layi. An kira magariba. Ba ka zo ba.

Manu